Yadda Ake Zaɓen Sandar Tuƙi Da Saita Ta Don Wasannin Kumbo

Masu karatu sun yi ta maimaita tambaya guda: sun fara Elite Dangerous ko Star Citizen, sun gaji da kibod da maus, to wace sandar tuƙi za su saya, kuma idan ta iso yaya za su saita ta? Kafin a kai ga sunan kamfani, a riƙe wannan: kumbo yana da motsi iri shida, yawancin sandunan kasuwa kuwa uku suke bayarwa, domin don jirgin sama aka ƙera su. Duk kuɗin da za ka kashe, kana neman inda za ka ɗora sauran ukun ne. Wanda bai fara da wannan lissafin ba yakan sayi kaya mai kyan gani, ya dawo yana laluben kibod a tsakiyar faɗa.

1. Ƙirga motsin da wasanka yake bukata

Uku na juya jikin kumbo ne: ɗaga hanci da sunkuyar da shi, wanda za ka tarar an rubuta Pitch a menu, waiwaye hagu da dama, wato Yaw, sai mirginawa, wato Roll. Sauran ukun na tura kumbon ne ba tare da hancinsa ya juya ba: gaba da baya, zamewa gefe, sai tashi sama da nutsawa ƙasa.

Buɗe menu na saitin wasanka tun kafin ka sayi komai, ka duba ko kowane motsi yana da gurbi mai ɗauke da kalmar Axis. Wannan gurbin shi ne mai karɓar motsi kaɗan-kaɗan, saɓanin maɓalli da bai san komai ba sai kunna da kashe. Elite Dangerous, Star Citizen da X4: Foundations duk suna karɓar shidan a haka. Star Wars: Squadrons ba ya neman zamewa gefe ko sama da ƙasa, don haka sanda da totur sun ishe shi.

Gargaɗi: idan a Xbox ko PlayStation kake wasa, yawancin sandunan da za mu ambata ba za su yi aiki ba. T.Flight Hotas One na Xbox ne da kwamfuta, T.Flight Hotas 4 na PlayStation ne da kwamfuta. Karanta jikin kwalin.

2. Yanke shawarar aikin hannun hagu

Hannun dama aikinsa sananne ne, shi yake nuna inda hanci zai dosa. Rigimar tana hannun hagu, kuma hanyoyi uku ne.

Ta farko, sanda ɗaya a dama, hagu a kan kibod. Ita ce mafi araha, kuma ba abin rainawa ba ce ga mai gwaji. Aibinta shi ne zamewa gefe ta zama ta maɓalli, ko ƙarfi duka ko babu.

Ta biyu, sanda da totur, abin da 'yan wasa suke kira HOTAS. Totur yana tsayawa inda ka bar shi, shi ya sa ya dace da mai doguwar tafiya, mai dakon kaya daga tasha zuwa tasha ko mai yawon binciken taurari. Amma ka tabbata akwai ƙaramar sanda a jikin totur ɗin wadda yatsa zai iya turawa kowane ɓangare. A kanta za ka ɗora zamewa gefe da sama da ƙasa. TWCS na Thrustmaster yana da ita, haka ma X56 na Logitech. Totur marar wannan ƙaramar sanda rabin aiki yake yi a sararin samaniya.

Ta uku, sanda biyu, ɗaya a kowane hannu, wato HOSAS. Ta dama tana juya kumbo, ta hagu tana tura shi: gaba da baya, hagu da dama, murɗawa kuma ta zama sama da ƙasa. Motsi shida sun samu gurbi shida cif. Ga mai son faɗa, tsere, ko haƙar ma'adinai a tsakanin duwatsu, mu wannan muke ba da shawara. Wahalarta guda ce: sandar hagu tana komawa tsakiya da ka saki, don haka tafiya mai nisa tana gajiyar da hannu. Maganin yana mataki na 7.

3. Abin da za ka duba a jikin sanda

Fara da abin da yake auna motsin a ciki, domin shi ne yake mutuwa da wuri. Iri biyu ne. Akwai irin na murfin ƙara sautin rediyo, inda ɗan ƙarfe yake gogar wani siririn layi na gawayi. Gogayyar tana cinye layin, ƙura ta shiga, wata rana sai ka ga kumbo yana karkata shi kaɗai alhali hannunka na cinya. Akwai kuma mai aiki da maganaɗisu, wanda ake rubuta Hall a kwali. Babu abin da yake taɓa wani a cikinsa, don haka ba ya cinyewa.

A nan ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Kwali zai ce Hall, amma ba a kowane layin motsi ba, wato kowane Axis. Sandar T.16000M ta Thrustmaster misali tana da maganaɗisu a gaba da baya da kuma hagu da dama, amma murɗawarta tsohon tsarin gogayya ne, kuma nan ne take fara ba da matsala. Tambayi kowane layi daban.

Na biyu, murɗawa. Idan sanda ba ta murɗuwa, dole ka sayi feda ta ƙafa. HOTAS Warthog na Thrustmaster, duk da nauyinsa da jikin ƙarfe, ba ya murɗuwa, domin kwaikwayon sandar jirgin yaƙi A-10C ne. Mutane da yawa sun gano haka ne bayan sun buɗe kwali.

Na uku, maɓallan da yatsa yake kai wa ba tare da ka saki sanda ba. Kada adadin da aka rubuta ya ruɗe ka. T.16000M tana da maɓalli 16, amma 12 a gindinta suke, huɗu ne kawai a kai. Idan hannunka biyu suna kan sanduna, maɓallin gindi tamkar babu ne. Nemi aƙalla 'yan huluna biyu a saman sanda, wato ƙananan maɓallan nan da babban yatsa yake turawa sama, ƙasa, hagu da dama.

Na huɗu, tsakiya. Riƙe sandar ka ratsa da ita ta tsakiya a hankali. Idan kana jin wani ƙwas kamar ta faɗa rami, za ta wahalar da kai wajen saiti a kan abokin gaba, domin kusan duk gyaran saiti a kusa da tsakiya ake yin sa. Sanduna masu tsada suna zuwa da sifirin na canji, wasu har da ƙarafan da suke sauya yadda tsakiyar take.

Mai niyyar sanda biyu ya duba ta hagu. T.16000M ana sauya mata matashin hannu da sukuddireba ta koma ta hagu. Kamfanonin VKB da Virpil kuwa suna sayar da ta hagu daban, sai ka zaɓa tun wajen oda.

4. Kuɗi

Farashi yana motsi, amma matakan sun daɗe a haka. A ƙasa da dala 50 akwai Logitech Extreme 3D Pro: tana murɗuwa, tana da maɓalli 12 da ɗan totur a gindi, amma tsarin gogayya ne gaba ɗaya. Ta dace da wanda bai tabbata zai daɗe a wasan ba. A ƙasa da dala 100 akwai T.16000M, kuma guda biyu su ne hanya mafi sauƙi zuwa tsarin sanda biyu. Tsakanin dala 130 da 200 akwai VKB Gladiator NXT EVO, wadda layukan sandarta uku har da murɗawa ba sa gogayya, ga sifirin na canji, ga kusoshin daidaita tauri. Akwai samfurinta da aka kwantar da kan sandar gefe, Omni Throttle, don hannun hagu ya riƙe ta kamar totur. Daga nan sai VKB Gunfighter da kayan Virpil, inda gindi daban, kai daban, kuma hannu ɗaya kawai yana cin ɗaruruwan daloli.

A ganinmu, babban bambanci yana tsakanin matakin farashi na biyu da na uku. Abin da ya wuce nan daɗi ne, amma ba zai mai da kai gwani ba. Idan kuɗinka na sanda mai kyau guda ɗaya ne, sayi ta dama yanzu, ka bar hagu a kibod zuwa lokacin da hali ya yi. Ya fi ka sayi guda biyu masu rauni ka sake saye baɗi.

Sanya kuɗin aikowa da na kwastan a lissafi, da kuɗin maƙalin tebur idan za ka hau babban mataki. Mai sayen ta hannu kuma kada ya biya sai ya yi gwajin mataki na 6 a gaban mai ita.

5. Kafa ta a inda ya dace

Zauna yadda ka saba, ka sauke kafaɗa, ka lanƙwasa gwiwar hannu kamar kusurwar littafi. Inda tafin hannunka ya tsaya, nan kan sandar ya kamata ya kasance. Yawancin tebura sun yi tsawo, sai mutum ya ɗaga kafaɗa, bayan awa guda wuya ya riƙe. Ɗaga kujera, ko ka sayi maƙali da yake kama bakin tebur ya sauko da sandar ƙasa.

Idan gindin yana ɗagawa lokacin da ka ja da ƙarfi, ɗaure shi da noti a kan faffaɗan katako, ko ka saka sifirin mai laushi. Gindin Gunfighter da na Virpil ba su da faɗin da za su zauna da kansu ba tare da faranti ko maƙali ba.

6. Jona ta, ka gwada kafin ka buɗe wasa

Jona igiyar kai tsaye a ramin USB na bayan kwamfuta. Idan dole sai ka yi amfani da abin rarraba USB, ya zama mai cajarsa daban. Kayan da suke da fitilu da yawa suna jan wuta, kuma ƙarancinta yana sa maɓalli ya danna kansa.

Danna maɓallin Windows da R, rubuta joy.cpl, ka danna Enter. Zaɓi sandarka, shiga Properties. Za ka ga ɗan gicciye a cikin murabba'i. Saki sandar: gicciyen ya tsaya cik a tsakiya. Zagaya da ita a hankali: ya kai dukkan kusurwoyi huɗu ba tare da tsalle ba. Murɗa ta sau goma, a hankali sosai, kana kallon layin. Idan yana rawa kamar harshen fitila a iska, akwai matsala. Danna kowane maɓalli. Wannan tagar maɓalli 32 kawai take nunawa, don haka kada ka tsorata idan naka sun fi haka.

Gargaɗi: idan sandarka ta VKB ce ko Virpil, kada ka daidaita ta da Calibrate na Windows. Yi amfani da manhajar kamfanin, VKBDevCfg ko VPC Configuration Tool, domin su a cikin sandar suke ajiye daidaiton. Idan ka riga ka yi na Windows, koma ka danna Reset to default. Haka nan kada ka sabunta manhajar cikin sandar sai da dalili, kuma kada ka zare igiya ana tsakiyar sabuntawa.

Idan ta Steam kake buɗe wasan kuma bai ga sandar ba, ko ya ɗauke ta a matsayin fad irin na Xbox, shiga Properties na wasan, sashen Controller, ka kashe Steam Input.

7. Raba ayyuka, bi da bi

Kada ka zauna ka cika gurbi ɗari a dare ɗaya. Ba za ka tuna ko goma ba. Bi wannan jerin.

Fara da layuka shida kawai. Ja baya ya ɗaga hanci. Idan ya sunkuya, kunna Invert. Sai babbar tambaya: tura sanda gefe, mirginawa ce ko waiwaye? A Elite Dangerous da gangan aka rage saurin waiwaye, don haka ana mirgina kumbo ne har abokin gaba ya dawo saman kai, sannan a ja hanci. Saboda haka bar mirginawa a gefe, waiwaye a murɗawa. A Star Citizen waiwaye yana da sauri, shi ya sa mayaƙa da yawa suke sa shi a gefe, su mai da mirginawa kan murɗawa, don saiti ya zama a layuka biyu mafi daidaito. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai.

Sai totur. A Elite akwai Forward Only, inda ƙarshen baya shi ne sifiri kuma kana bukatar maɓalli don ribas, da Full Range, inda tsakiya ce sifiri. Idan totur ɗinka ba shi da ɗan tsaiko a tsakiya, Full Range zai sa ka yi ta neman sifiri a bakin tasha. Ko dai ka zaɓi na farko, ko ka faɗaɗa mataccen fili a tsakiya, ka manna ɗan salatif a jikin totur ya zama alama.

Mai sanda biyu ya ɗora gaba da baya na sandar hagu a kan gurbin tura kumbo, ya bar totur na gaske a kan ɗan sulluɓin gindi ko a maɓallai. Elite yana da gurbin saita gudu kai tsaye zuwa kashi 0, 50, 75 da 100. Na kashi 75 ya samu maɓalli mai sauƙin kai wa: a tafiyar Supercruise, wato gudun da ake yi tsakanin duniyoyi da tashoshi, da agogon isowa ya nuna daƙiƙa 7 sai ka danna shi, in ba haka ba ka wuce tashar ka yi dogon zagaye. Na kashi 50 yana kai ka cikin shuɗin yankin ma'aunin gudu, inda kumbo ya fi saurin juyawa.

Bayan layuka sai abin da ake bukata cikin ƙiftawar ido: harbi a kan kunama, zaɓen abokin gaba, ƙarin gudu na Boost, da rabon wuta. A Elite ɗigo shida ne ake rabawa tsakanin SYS na garkuwa, ENG na inji da WEP na makamai, kowanne ba ya wuce huɗu. Ɗan hula guda ya isa: hagu garkuwa, sama inji, dama makamai, ƙasa a mai da su daidai, kamar yadda aka jera su a allon kumbo.

Ƙafafun sauka, fitila, taswira da ƙofar kaya su koma gindi ko kibod. Idan maɓallai sun ƙare, ware guda ɗaya a ƙarƙashin ƙaramin yatsa ya zama na riƙewa, yadda duk abin da ka danna tare da shi zai yi aiki na biyu.

Gargaɗi: zubar da kaya, kashe inji, fita daga kumbo da tarwatsa kai, kada ko ɗaya ya zauna a kan sanda. Kuma kada Boost ya yi maƙwabtaka da maɓallin ƙafafun sauka. A cikin tasha kuskuren yatsa ɗaya ya isa ya haɗa ka da bango.

8. Mataccen fili da lanƙwasa

Mataccen fili, wato Deadzone, shi ne ɗan yankin tsakiya da wasa yake yin biris da shi. Fara daga sifiri. Saki sanda, ka kalli taurari. Idan suna tafiya, ƙara kashi 1 a lokaci guda har su tsaya. Sanda mai maganaɗisu kashi 1 ko 2 ya ishe ta, mai gogayya takan nemi kusan 5. Murɗawa tana bukatar fiye da sauran, domin hannu yana ɗan murɗa sanda ba da saninsa ba duk lokacin da ya ja ta. Idan ka yi masa yawa, kumbo zai yi shiru sannan ya zabura, saiti ya gagara.

Lanƙwasa kuwa, wato Curve, tana tausasa tsakiya ba tare da ta kashe ta ba. Idan ka saka 1.5, rabin tura sanda zai ba da kusan kashi 35 na ƙarfi. Idan 2 ne, kashi 25. Ƙarshen tura yana nan a kashi 100. Illar ita ce abin da ka rage a tsakiya yana taruwa a baki, inda motsi kaɗan zai zama babba. Fara daga 1.3, kada ka wuce 2.

Star Citizen yana da wannan a menu. Elite ba shi da shi, sai ta manhajar kamfani, kamar T.A.R.G.E.T ta Thrustmaster, ko ta wata manhaja mai suna Joystick Gremlin. Idan Gremlin ne, ga jerin: saka vJoy, wanda yake ƙirƙirar sandar bogi, saka HidHide ka ɓoye ta gaske daga idon wasa, amma ka ba Gremlin izinin ganinta, sannan ka haɗa layukan. Wanda ya tsallake ɓoyewar, wasan zai ga sanda biyu suna magana lokaci guda.

9. Ajiye kwafin saitinka

Wannan minti biyu ne, kuma shi aka fi mantawa. Na Elite yana cikin %LOCALAPPDATA%\Frontier Developments\Elite Dangerous\Options\Bindings. Kwafe foldar gaba ɗaya zuwa wani wuri. Idan ka buɗe Elite alhali ɗaya daga cikin kayan da ka saita ba a jone yake ba, saitinka ba zai bayyana ba. Kada ka fara sabo a kai; fita, jona, ka sake shiga. A Star Citizen fitar da saitin daga menu na Keybindings kafin kowane babban sabuntawa.

Kowace sanda ta riƙe raminta na USB. Sauya rami ko sake kunna kwamfuta yana iya sauya jerin su, ka tarar hagu ta zama dama. A Star Citizen ana gyara wannan ta buɗe akwatin umarni a rubuta pp_resortdevices joystick 1 2.

10. Horar da hannu

Kwanakin farko za ka fi muni fiye da yadda kake da maus. Kowa haka ya fara. Ba wa hannunka mako biyu ba tare da ka taɓa rabon layuka ba.

Kashe kwamfutar sauka ta atomatik. A Elite nemi izinin sauka idan ka zo cikin kilomita 7.5, daidaita mirginawarka da juyawar tashar, ka shiga ta ɓangaren koren fitila, gudu ƙasa da mita 100 a daƙiƙa. Maimaita sau goma. Bayan nan nemi dutse guda, ka kafa masa hanci, ka zagaye shi da zamewa gefe kawai. Wannan atisayen shi ne yake koya wa hannuwa biyu aiki daban-daban. Sai ka iya shi sannan ka gwada Flight Assist Off a Elite, ko Decoupled a Star Citizen, inda kumbo ba ya tsayawa sai ka tura shi kishiyar inda ya nufa. Riƙe sanda sakwa-sakwa. Damƙa da ƙarfi ita ce take kawo murɗawar da ba ka yi niyya ba.

11. Idan ta fara ciwo

Rawar murɗawa a sanda mai gogayya: zare igiya, kwance kusoshin kan sandar, ɗiga ɗan sinadarin isopropyl ko feshin wanke mahaɗin lantarki a cikin abin aunawar, murɗa shi sau da yawa, bar shi ya bushe sarai. Wayoyin ciki sirara ne ƙwarai, ka lura kada murfi ya danne su wajen rufewa. Buɗewa yana iya soke garanti, don haka duba takardarka tukuna.

Totur mai sulluɓi da yake maƙalewa sannan ya zabura: goge tsohon man da ke kan layin dogon, ka shafa siririn giris mai danƙo irin Nyogel 767A. Kada ka fesa WD-40, yana wanke giris ɗin ne ya bar wurin a bushe.

Sanda tana ɓacewa ana tsakiyar wasa: buɗe Device Manager, shiga kowane USB Root Hub, sashen Power Management, ka cire alamar da take ba kwamfuta damar kashe shi don tattalin wuta. Idan ta ci gaba, girgiza igiyar a hankali daga bakin gindi kana kallon joy.cpl; idan sunan sandar ya ɓace ya dawo, igiyar ce ta karye a ciki, ita za a canza.